Sa'a Biyu a Bakin Tafkin Dagona

Ba neman tarihi ne ya kai ni Dagona ba. Biki muka je Gashuwa ni da uwargida da yaranmu uku cikin watan Janairun 2024, to da aka watse sai wani ƙanenta ya ce tun da yaran nan haihuwar birnin Kano ne, ba su san wani ruwa ba sai na famfo da na kwata, bai kamata su koma gida ba su ga fadama ba. Washegari bayan sallar asuba muka kama hanya. Dagona ƙauye ne a ƙasar Bade ta Jihar Yobe, tsakanin Gashuwa da Nguru, kuma a gefensa akwai wani tafki da hukuma ta keɓe domin tsuntsaye. Tafiyar da muka yi a ƙasa, daga inda muka ajiye mota zuwa bakin ruwa, muka ɗan bi gaɓa muka dawo, ba ta wuce ta sa'a biyu ba, har da tsaye-tsayen yara. Amma tambayoyin da aka yi mini na kasa amsawa a cikin sa'o'in nan biyu su suka mayar da ni ga littattafai da dattawa, kuma abin da na tsinto shi nake son in gutsura wa 'yan'uwa marubuta a wannan fitowa.

Abin da ya fara tarar mu sanyi ne, irin wanda yake shiga ƙashi. Auta ya maƙale jikin uwarsa yana rawar ɗari. Ba mu ne farkon baƙin da sanyin wannan ƙasa ya ba kashi ba. A watan Disamban 1823 wasu Turawan Ingila biyu, Kyaftin Kilafaton da Likita Odni, suka taso daga Kukawa za su Kano tare da ayarin fatake, suka biyo kwarin kogin Yobe. Kilafaton ya rubuta cewa akwai safiyar da suka tashi suka tarar ruwan da ke cikin salkunansu ya daskare. Shi Odni daman da ciwonsa ya taso, bai kuwa ga Kano ba, ya mutu a wani gari kusa da Katagum cikin Janairun 1824. Shekara ɗari biyu cif ke nan kafin tamu fitar.

Hanyar ta faro ne daga kan tudu, cikin yashi mai nutsar da ƙafa, ga goruba da kaba ko'ina, ga aduwa da magarya jefi-jefi. Can sai muka ji ƙasa ta sake, yashi ya ƙare, muka hau baƙar laka wadda ta bushe ta tsattsage, muka shiga inuwar bagaruwa da giyayya. A nan babbar 'yata, mai shekara goma sha uku, ta ja ta tsaya ta ce, "Abba, wa ya yi wa itatuwan nan fenti?" Na duba, sai na ga lalle kowace bishiya kala biyu ce, daga gindi zuwa wajen ƙirjin mutum ta yi duhu, daga nan zuwa sama ta yi haske, kuma layin a daidaice yake kamar da igiya aka ja shi. Ma'aikacin gandun da ke mana rakiya ya yi murmushi ya ce, "Ai ba fenti ba ne, Hajiya ƙarama, sawun ruwa ne. Wata uku da suka wuce nan da kike tsaye sai da kwalekwale." Ta ce to ina ruwan ya fito, tun da ba a yin sama da yawa a nan? Ya nuna yamma da hannu ya ce, "Daga garinku."

Gaskiya ya faɗa. Kogin Kano da kogin Chalawa su suke haɗuwa kudu da birnin Kano, su wuce ta Wudil, su zama abin da ake kira kogin Haɗeja. Shi kuwa kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake gangarowa, ya ratsa ƙasar Bauchi. Muddin suna kan ƙasa mai dutse a ƙarƙashi, kowanne hanyarsa ɗaya yake bi. Amma da zarar sun shigo ƙasar yashi ta kwarin Chadi, wadda take shimfiɗe kamar faifai, sai ƙarfinsu ya ragu. Ga shi kuma akwai tsofaffin tuddan rairayi a jere, waɗanda iska ta tara tun zamanin da hamada ta taɓa mamaye yankin shekaru dubbai da suka wuce. Ruwa ba ya iya tsallake su, sai ya rarrabu ya bi tsakaninsu, wani reshe ya nufi tafkin Nguru ta mashigin Marma, wani ya bi Burum Gana, wani ya bi tsohuwar hanyar kogin. Abin da ya tsira daga ƙasa da rana shi yake sake haɗuwa a wajen Gashuwa, ya zama kogin Yobe, ya nufi Tafkin Chadi. Saboda haka ruwan da aka yi a Kano da Jos cikin Yuli da Agusta ba ya iso wa nan a rana ɗaya. A hankali yake tahowa, ya cika fadamu cikin Agusta da Satumba, ya tsaya, sannan ya fara ja da baya da shigowar kaka. Mutanen wurin ba sa kiran wannan ambaliya. Cikowa ce, kuma jiranta ake yi kamar yadda ake jiran baƙon arziki.

Tun yaushe mutane suke zaune da wannan ruwa? Amsar ta fito daga inda ba a zata ba. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna, a gaɓar kogin Komadugu Gana wanda shi ma cikin kogin Yobe yake zuba, sai ya ci karo da wani ƙaton icce a can ƙarƙashin ƙasa. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot ta Jamus suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale sassaƙaƙƙe mai tsawon fiye da mita 8. Da aka auna shekarunsa aka tarar ya kai 8,000. Ba a taɓa samun jirgin ruwan da ya girme shi ba a duk faɗin Afirka, a duniya ma 'yan kaɗan ne sa'o'insa. Yanzu yana Damaturu. Wato ke nan tun kafin a san Bayajida, tun kafin a aza tubalin ganuwar Kano, akwai masassaƙi a wannan kwari wanda ya san iccen da ya dace da ruwa, ya kuma san yadda ake fiƙe goshin jirgi. A gaɓar wannan kogi na Yobe ne kuma Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Ngazargamu a ƙarni na 15, ya zama fadar daular Borno har zuwa 1808 da mayaƙan jihadi suka ci shi.

Su kuwa Badawa, waɗanda muke tafe a ƙasarsu, tarihinsu ba ya faɗuwa sai da fadama. Harshensu ɗan'uwan Hausa ne, reshe ɗaya suka fito a cikin dangin harsunan Chadi, tare da Ngizim da Duwai, ko da yake Bahaushe ba zai ji abin da suke cewa ba. A ƙarni na 19 sun sami kansu tsakanin manyan duwatsun niƙa biyu, Borno ta gabas, masarautun daular Sakkwato ta yamma, kowa kuma yana kallon su a matsayin wurin samun bayi da ganima. Abin da ya tsare su ba yawan dawaki ba ne. Ruwa ne da laka da kurmi. Doki, wanda shi ne ƙarfin yaƙin wancan zamani, ba ya da amfani a cikin taɓo, mai sulke kuwa in ya faɗa ruwa ya zama dutse. Rabin shekara ƙasar a rufe take. Lawan Babuje shi ya tattara kawunan Badawa a farkon rabin ƙarnin, ya mayar da Gogaram birni mai ganuwa a tsakiyar wannan fadama. Sarkin Haɗeja Buhari, wanda ya bijire wa Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya hana Kano da Katagum da Gumel barci shekara da shekaru, a yaƙin Gogaram ajalinsa ya same shi cikin 1863. Sai a zamanin Turawa, da mota da kasuwa suka fi ganuwa amfani, aka mayar da fadar Mai Bade Gashuwa. Na gaya wa yarona na tsakiya wannan labari daga baya, shi da ba ya jin komai sai labarin yaƙi, ya ce ashe laka ma makami ce.

Da muka fito daga cikin bagaruwar sai ga tafkin a gabanmu, a lanƙwashe kamar lauje, domin asalinsa tsohuwar kwanar kogi ce da ruwa ya yanke ya bari. Hazo bai gama tashi ba. Bado ya rufe gefe ɗaya, kirinjijiya ta yi dafifi a kan wani ɗan tsibiri tana ta fito, ga dinya can nesa, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar an dasa shi. Ko Auta sai da ya yi shiru. Muka bi gaɓa har inda iyakar gandun ta ƙare, a nan muka tarar da wani dattijo zaune gindin tsamiya yana ɗinkin koma. Muka gaisa, na ce, "Baba, sannu da aiki." Ya ce, "Yauwa Malam, an kawo yara ganin tsuntsaye?" Na ce haka ne. Ya ce, "To madalla. Da can mu ake zuwa gani."

Daga bakinsa na fara fahimtar yadda aka yi zaman fadama a da, kuma abin da na karanta daga baya bai saɓa wa nasa ba. Fili ɗaya ne, amma masu shi huɗu, kowa da lokacinsa. Da faɗuwar damina manomi zai watsa shinkafa a busasshiyar laka, ta tsiro da ruwan sama, kafin cikowa ta iso ta yi ƙarfi, ruwa yana hawa tana hawa. A lokacin nan kifi ya bar kogi ya bazu cikin ciyawa yana ƙwai. Idan ruwa ya fara ja, sai masunci ya tare mashigai da birgi da mali, ya kama ƙarfasa da tarwaɗa da kurungu da bargi, manyan tafkuna kuwa ba mai taɓa su sai ranar da sarkin ruwa ya ba da izinin su. Bayan ruwa ya janye, wani ya bi danshin da ya bari ya shuka wake ko rogo, ba ban ruwa ba taki, domin kogin ya riga ya zuba masa sabuwar ƙasa. Daga ƙarshe, cikin bazara, Fulani su gangaro da shanu su cinye burgu da kara, su bar kashin shanu domin shinkafar baɗi. A kan tudu kuma ga gero, ga kaba ta tabarma da igiya, ga bagaruwa ta jima, ga kanwa. Ba na cewa ba a faɗa, domin inda duk aka haɗa gona da saniya sai an kai ruwa rana. Amma ruwan da kansa shi ne alƙali, shi yake cewa wane shigo, wane fita. Abin da ba ido ke gani ba kuma, kaso mai yawa na cikowar ƙasa take shanyewa, shi yake ciyar da rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogin.

Zuwan jirgin ƙasa Nguru a 1930 bai rushe wannan tsari ba, kasuwa ya buɗe masa. Gyaɗa da ƙaro da fatu da kanwa da bandar kifi suka riƙa tafiya Kano har Ikko, Nguru ta cika da baƙi daga kowace kusurwa.

Abin da ya taɓa ruwan kansa ya zo ne a shekarun 1970, kuma abu biyu ne suka haɗu. Na farko fari, wanda aka yi daga 1972 zuwa 1974, ya sake dawowa da ƙarfi a 1983 da 1984, har Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ƙanƙance ya koma abin tausayi. Na biyu madatsun ruwa. Gwamnatin Audu Bako ta Jihar Kano ta gina madatsar Tiga a kan kogin Kano, aka gama a 1974, domin noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da kuma ruwan sha na birni. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. A 1992 aka gama madatsar Chalawa a ƙasar Ƙaraye, aka kuma tare kogin a kusa da Haɗeja domin wani aikin noman ranin. A tsakanin nan, cikin 1987, gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, injunan ban ruwa ƙanana suka bazu, mutane suka shiga sare kurmin fadama suna shuka alkama har a kan burtali. Ba zan zargi mutanen da suka ga yunwar 1973 da idonsu ba don sun ce a tare ruwa a yi noma sau biyu. Tumatir da shinkafar Kura da muke ci shaida ne cewa aikin ya haifi wani abu. Sai dai lissafin da aka yi na mutanen sama ne, ba a sa na ƙasa a ciki ba. Faɗin da cikowa take rufewa, wanda ya haura murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960, ya sauko ƙasa da 1,000 a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990.

Ni a da na ɗauka ɓarnar duk a raguwar ruwa take. Dattijon nan ne ya gyara mini. Ya ajiye komarsa ya ce, "Malam, ba ƙarancinsa ne ya kashe mu ba, rashin sanin lokacinsa ne. Da damina a riƙe, da rani a sako." Wannan magana ita ce zuciyar al'amarin. Madatsa tana tara ruwan damina, saboda haka cikowar da ake jira ba ta zuwa da ƙarfinta, wanda da shi take wanke hanyoyin ruwa ta kwashe yashi. Da rani kuwa ana sakin ruwa domin gonaki da famfunan birni, rarar ta gangaro, sai kogin da ya saba bushewa wata da watanni ya zama kullum a jiƙe. Akwai wata doguwar ciyawa da ake kira kachalla, wadda ba abin da take so irin ruwa mara zurfi da ba ya ƙafewa. A da rani ne yake kashe ta. Da rani ya daina zuwa cikin kogin sai ta samu gindin zama, daga shekarun 1990 ta mamaye dubban kadada. Sunan ma ya dace da ita, domin Kachalla a Borno sarauta ce ta shugaban mayaƙa. Ta toshe tsohuwar hanyar kogin da Burum Gana, yashi ya taru a gindinta, mafi yawan ruwan Haɗeja ya karkata Marma ya nufi Nguru. Sai aka wayi gari mutanen wannan ɓangare gonakinsu sun nutse shekara ta zagayo ba su bushe ba, na wancan ɓangare kuma suna kallon busasshen kogi. A cikin kachallar jan baki suke kwana, da safe su tashi kamar hadari su sauka a gonar shinkafa. Sauro ya samu gida, haka dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Kwalekwale ba ya ratsa ta, koma ba ta shiga. Kuma duk da madatsun, shekarar da sama ta yi yawa, irin 2022, ruwan da ba ya da hanya gari yake shiga, cikowa ta koma ambaliya. A kan hanyarmu ta komawa, kafin mu shiga Nguru, mun gan ta dama da hagu har iyakar ganin ido, kore shar, yaran suna cewa kai wannan rake da yawa yake.

Abin da ya jawo hankalin duniya ga wannan fadama, sai a yi haƙuri da jin sa, ba Badawa ba ne, ba kuma masunta ba. Tsuntsaye ne. Da yawa daga cikin waɗanda muka gani a tafkin baƙi ne. Akwai wata 'yar ƙaramar agwagwa mai farin layi a gira, da kuma share-fage mai yawo garke-garke a gonakin shinkafa, waɗanda a arewacin Turai da Rasha suke ƙyanƙyasa. Idan ƙanƙara ta rufe can sai su ƙetare teku da Sahara, ruwan farko da za su tarar mai faɗi shi ne irin wannan. Dattijon ya ce yana saurayi ya taɓa ganin wadda aka kama da zoben ƙarfe a ƙafa da rubutun boko a jiki, aka yi ta gardama ko ta aljanu ce. Masu ƙidayar tsuntsaye a Turai su suke sa zoben, kuma su suka lura cewa bayan farin Sahel wasu tsuntsayen ba sa komawa da yawansu. A 1987 aka kafa Shirin Kiyaye Fadamun Haɗeja da Nguru, mai ofis a Nguru, da hannun gidauniyar kiyaye muhalli ta Nijeriya NCF, da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila RSPB, da ƙungiyar IUCN ta duniya. A 1989 Yarima Filip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona da kansa, lokacin yana shugaban asusun kare namun daji na duniya. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihohin Yobe da Jigawa, aka sa tafkin cikin Gandun Daji na Ƙasa na Kwarin Chadi, aka hana su da farauta da kiwo a cikinsa. Akwai kuma wata yarjejeniyar kare fadamu da ƙasashen duniya suka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971. Tafkin Nguru da mashigin Marma, kadada 58,100, su ne wuri na farko da Nijeriya ta sa a ƙarƙashinta a shekarar 2000, Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008.

Sai dai a yaba wa mutanen shirin nan da abu ɗaya. Ba su daɗe ba suka gane cewa ba za a tsare wa agwagwa ruwa ba alhali mai shinkafa yana kuka, domin ruwan ɗaya ne. Suka koma auna kogi da ƙidayar gonaki da kasuwannin kifi. A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka yi wani lissafi mai sauƙin fahimta. Suka ɗauki awo ɗaya na ruwa, suka duba abin da yake haifarwa in an bar shi ya malala a fadama, wato amfanin gona da kifi da itacen wuta, suka gwada da abin da yake haifarwa a aikin noman rani na kogin Kano bayan an cire kuɗin gudanarwa. Na fadama ya fi ninki ba ninki, alhali ba su ma sa kiwo da ruwan rijiyoyi a lissafin ba. A 1993 IUCN ta buga littafi a kan fadamar, wanda Hollis da Adams da Muhtari Aminu-Kano suka tace. Shawarar da ta fito daga ayyukan nan ita ce a riƙa sakin ruwa daga Tiga da Chalawa da damina, a kwaikwayi cikowar da Allah ya saba kawowa. Shawarar tana nan a rubuce. Sauran abin da ya riƙe Gashuwa da garuruwan da ke ƙasa da ita shi ne kogin Jama'are, wanda ba a datse shi ba. An daɗe da tsara masa tasa madatsar a Kafin Zaki ta Jihar Bauchi, an fara aikin an dakatar ba sau ɗaya ba, kuma duk lokacin da maganar ta taso sai Bauchi ta ce haƙƙinta ne, Yobe da Borno su ce ajalinsu ne.

A nan zan ɗan karkata ga sana'armu. Na duba littattafan hikaya da muke ta bugawa, nawa ma a ciki, na ga in an kai jarumi bakin ruwa sai a ce tsuntsaye suna ta kuka, itatuwa suna kaɗawa, shi ke nan. Wane tsuntsu? Wace bishiya? A cikin sa'a biyu 'yata ta cika shafi guda na littafin makarantarta da sunaye daga bakin mutum biyu, kirinjijiya, dinya, zalɓe, jinjimi, ladin kogi, zakaran ƙeƙuwa, giyayya, bado, burgu. Rabin su ni da nake kiran kaina marubuci a ƙamus kawai na taɓa ganin su, ban san mai sunan ba sai ran nan. Dattijon ya tambaye ta ko ta san gauraka. Ta ce ta san ta a tatsuniya. Ya ce shi da idonsa ya san ta, garke-garke a bayan garinsu, amma jikokinsa su ma sai a tatsuniya.

Da za mu tashi uwargida ta sayi tabarmar kaba biyu da ƙullin garin goruba a wurin wasu mata a bakin ƙauyen. Dattijon ya raka mu 'yan taku, ya tambaye ni a wace unguwa nake a Kano, na faɗa masa. Ya ce, "Famfonku yana kawo ruwa?" Na ce wani lokaci, in an yi sa'a. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "To ashe ku ma bai ishe ku ba. Ni da na ɗauka can ya tsaya."

Ta Nguru da Haɗeja da Kafin Hausa muka biyo, muka iso gadar Wudil rana tana shirin faɗuwa. Masu haƙar yashi suna ta lodin motoci a gaɓa, wasu samari biyu a kwalekwale suna jan taru. Yaron na tsakiya ya leƙa ta taga ya ce, "Abba, wannan ne mai zuwa wurin Baba mai koma?" Na ce shi ne. Ya ce kwana nawa zai yi kafin ya isa? Uwarsa ta ce ya mayar da kansa cikin mota, ta ɗaga gilashi.